Juma'ar da Allo Bai Yi Shuɗi Ba

Bara na kalli fina-finai da yawa kamar kowa, a waya, ina zaune a rumfata ta yadi ina jiran mai saye. Yawancinsu kafin in naɗe tabarma na manta da su. In aka ce in faɗi waɗanda suka zauna mini a rai, uku ne, kuma babu sabo a cikinsu, duk sun girmi aurena. Dukansu a ɗakin kallon da ke unguwarmu ta Rumde Ajiya na kalle su, ranar Juma'a, daga bakin Kawu. Na ce daga bakinsa ne don mu a Garwa da kunne muka fara sanin fim ɗin Indiya.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya ba saba'in baya ko ya kusa. Sana'arsa fassara. Lokacin da manyan gidajen silima na garin nan suka mutu, aka koma ɗakunan kallo na unguwa, kaset ɗin Indiya yakan zo ta Mubi ko Yola ba Hausa ba Faransanci, sai a sa mutum ya tsaya gefen talabijin da makirfo yana faɗin abin da ake cewa. Masu yin haka sun yi yawa a da, amma ba wanda ya kama ƙafar Kawu. Shi kaɗai yake yin muryar mace da ta tsoho da ta mugu, kuma ya raba musu harsuna yadda ya ga dama. Ɗan sanda da likita da alƙali Faransanci yake ba su, uwaye Fillanci, masoya kuwa Hausa. In waƙa ta zo sai ya buɗe sauti ya zauna ya ɓare goronsa, in ta ƙare ya rufe ya miƙe.

Kowa a unguwa ya san Kawu yana jin Indiyanci, don ya yi wa wani Ba'indiye mai kanti aiki a Yola yana saurayi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in aka yi wannan magana a gabanta sai ta taɓe baki ta ce, "Wata shida yana ɗaukar buhu." Ni ban taɓa tambayarta ƙarin bayani ba. Akwai abin da mutum yake zargi amma ba ya son a tabbatar masa.

Da tsohon mai ɗakin kallon ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Muna ce masa Patiron, wato maigida, kamar yadda muke ce wa ubansa, ko da yake a gabanmu aka yi masa aski. Ba mugu ba ne, lissafinsa ne daban. Ya sayo ƙaton allo mai faɗi, ya mai da mako duka na ƙwallon Turai, ya bar wa Kawu Juma'a kaɗai, daga saukowa masallaci zuwa gab da magariba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, a gabana ya faɗa.

"Kawu, darajar baba ce ta sa. Amma benci huɗun nan na gaba su riƙa cika. Ran da suka daina cika, Juma'a ma ƙwallo ce."

Kawu ya yi dariya ya ce, "Yaro, kafin a haife ka ta taga ake leƙena."

Gaskiya ya faɗa, amma an daɗe da toshe tagar. Kawu ba shi da gona, ba shi da rumfa, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure a can garin Tinyer. Abinci daga gidana ake kai masa, wannan ba komai ba ne. Abin da ba zan iya kai masa a kwano ba shi ne Juma'ar nan. Tun Laraba yake kai farar rigarsa wajen mai guga, kuma in ka gamu da shi ranar Alhamis za ka ga leɓɓansa suna motsi, yana bitar muryoyi. Saboda haka duk shekarar bara, in na shiga ɗakin kallo, kafin in dubi allo benci nake dubawa.

Fim na farko a cikin ukun da bazara muka kalle shi, lokacin da zafin Garwa yake sa mutum ya tsani rigarsa. Labarin wani wanzami ne da ya sauka a wani ƙauye da jakarsa aka ɗauka likitan gwamnati ne, shi kuma ya ƙi ƙaryatawa don ana ba shi kaji. Kawu ya ba wanzamin muryar wani mahauci na kasuwarmu mai magana ta hanci, kuma mahaucin yana zaune a benci na biyu, yana dariya ya fi kowa, bai gane ba har aka tashi. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ranar benci huɗu sun cika, har da mutum biyu a na biyar, na fito ina ganin kamar abin zai ɗore.

Bai ɗore ba. Kafin damina ta zauna mun kai biyu daga cikin 'yan bencin gaba makwanci, ɗaya kuma yanar ido ta zaunar da shi a gida. Sauran ba mutuwa ce ta ɗauke su ba, 'ya'yansu ne suka saya musu waya. Yanzu fim ɗin Indiya da Hausarsa yake zuwa daga Kano, an riga an ɗora murya a kai, mutum ya kwanta a ƙofar gidansa ya kalla ba wanda zai taka masa ƙafa. Na yi ta faɗa da mutane a kan wannan. Na ce musu muryoyin nan duk iri ɗaya ne, ihu ne da zolaya, su ce to, amma ai su sun san abin da ake faɗa. Na fara bin maƙwabtan rumfata ina jan su kamar masu zuwa gayya, kuma in mun shiga sai in raɗa musu su zauna a warwatse, kowa ya baza rigarsa, don benci ya yi kamar ya cika. Patiron yana gani.

Na biyu a tsakiyar damina ne. In ka tambaye ni labarinsa ba zan iya kawo maka shi daidai ba, na dai san akwai malamar makaranta da wani direban jirgin ƙasa. Ruwa ne ya sauko a kan kwanon rufi har makirfo ya zama banza. Mu tara ne a ɗakin. Kawu ya ajiye makirfo ya jawo kujerarsa tsakiyarmu, muka matso muka kewaye shi, yana magana muna karkata kunne, ina jin ƙanshin goro a numfashinsa. Ban taɓa jin daɗin kallo irin na ranar ba, kuma ban taɓa fita da baƙin ciki irin na ranar ba, don mutum tara ko sun baza riga ba sa cika benci huɗu.

Cikin taran akwai wani manomi Kirista, mutumin duwatsu ne da ya sauko ya zauna a garin Ngong yana noman masara da gyaɗa. Duk Juma'a yakan kawo kaya kasuwa, in ya sayar sai ya jira mu a ƙarƙashin dalbejiyar da ke ƙofar ɗakin kallo har mu sauko daga masallaci. Shekaru muna zama benci ɗaya, mutumin Ngong kawai muke ce masa. Shi ne kullum yake roƙon a sa mana fim ɗin mai laima, kuma wannan fim shi ne na ukuna.

Sai na yi bayanin wannan fim kafin a gane abin da na aikata. Wani magidanci ne talaka da matarsa, suna zaune a ɗaki ɗaya a wani babban birni, ba su da abin kirki sai wata baƙar laima. Ana nan matar ta kwanta rashin lafiya, tana tari, ruwa yana zuba, mijin ya ɗauki laima ya fita da gudu neman likita. Daga nan sai allo ya yi shuɗi. Ba hoto, ba sauti, shuɗi kawai, kusan kwata na awa. In hoto ya dawo sai ka ga mutumin shi kaɗai yana yawo a titi da laimar a naɗe a hammatarsa, ruwa yana dukansa ya ƙi buɗe ta, kuma matar ba ta sake fitowa sai a ƙarshe, cikin fararen kaya, ya buɗe laimar a kanta.

Wannan shuɗin shi ne gadon sarautar Kawu. Da zarar mutumin ya fita da laima, Kawu yakan juya wa allo baya, ya fuskance mu, ya rufe ido, ya ba mu labarin abin da ba a nuna ba. Yadda mijin ya dawo da likita ya tarar rai ya yi halinsa. Yadda maƙwabta mata suka yi mata wanka, yadda ruwa ya jiƙa ƙasar kabari har tana manne wa hannu. Yadda ya dawo ɗaki ya ga takalminta ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙarƙashin gado, ya buɗe tukunya ya tarar da miyar da ta yi kafin ta kwanta, ya yi kwana uku yana ɗumama ta yana ci kaɗan-kaɗan don kada ta ƙare. Sannan ya rantse ba zai sake buɗe laimar ba, tun da ita tana kwance ruwa yana sauka a kanta. Fitowarta ta ƙarshe kuwa, in ji Kawu, mafarki ne. Na ga mahauta da direbobin tirela suna share ido da bakin hula a wannan wuri.

Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara ganin fim ɗin. Na tambayi Kawu me ya sa ba a nuna ba, ya ce, "Indiyawa ba sa nuna mutuwar mutumin kirki, kunya suke ji." Na karɓa, na girma da ita, na yi aure da ita, na haifi 'ya'ya da ita. Daga baya ne mahaifiyata ta gaya mini cewa kaset ɗin ya zo Garwa a daminar da matar Kawu ta rasu, kuma maganar miya ba ƙirƙira ba ce, ita da kanta ta je ta ƙwace tukunyar a rana ta huɗu. Wannan ya ƙara mini son fim ɗin, amma bai sa na yi tunani a kan shuɗin ba. Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa ba na fim ɗin ba ne. Ashe na'urar tsohon Patiron ce ta tauna tsakiyar kaset ɗin tun makon farko, ya gyara abin da ya gyaru, wurin da ya goge ya zama shuɗi, da aka zo juyawa a faifai aka juya shi yadda yake. Duk unguwa ba wanda ya taɓa ganin wani kwafi sai wannan.

Faifan ya tsufa. Ƙarshen damina da aka sa shi sai ya riƙa tsayawa, fuskoki suna farfashewa, Kawu yana jira da magana a baki. Patiron ya zare shi ya duba ta haske ya ce ya mutu. A ranar kuma ya ja ni gefe ya ce, "Babban yaya, na yi haƙuri iya haƙuri. Zuwa ƙarshen wata mai zuwa." Sai na ga ai dabara ta zo. In na samo sabon kwafi mai kyau, na bi mutane gida-gida na ce za a sa mai laima fes a babban allo, ba benci huɗu ba, goma ma za su cika, Patiron ya ga da idonsa.

Na je wajen wani mai tura fina-finai a bakin kasuwa, irin masu kwamfuta a kan tebur da lasifika tana ihu. Ban san sunan fim ɗin na gaskiya ba, ba wanda ya sani, sai na kwatanta masa laima da tari da fararen kaya. Kwana biyu yana nema ya samo. Ya zuba mini a ɗan abin nan da muke kira kile, mutanen Najeriya su ce filas, ya nuna mini farkonsa a cikin hayaniyar kasuwa. Na ga mutumina, na ga laimarsa, hoto garau kamar jiya aka ɗauka. Ya fara cewa, "Alhaji, wannan ai cikakke ne, har da..." na ce masa na san fim ɗin tun kafin ya yi haƙori, na karɓi abina na tafi. Ina da waya, ina da kwana huɗu a hannu, ban zauna na kalla ba. So nake in gan shi sabo tare da kowa. Kawu ma ban gaya masa komai ba sai cewa na samo mai kyau, ya dafa kaina kamar ina yaro ya ce Allah ya yi mini albarka.

Ranar Juma'ar ɗakin ya cika har ana tsayuwa. Tsofaffin da waya ta ɗauke sun dawo, wanda yanar ido ta zaunar ma an riƙo hannunsa ya zo don ya ji. Mutumin Ngong ya zo da ƙannensa biyu. Samarin ƙwallo su ma sun shigo sun jeru a baya, don an ce musu yau za su ga abin da iyayensu suke kuka a kai. Kawu ya shigo da farar rigarsa, ya tsaya ya dubi benci ɗaya bayan ɗaya. Na ji kaina ya yi girma, har ina duban Patiron ina ɗaga masa gira.

Tun da aka kawo sabon allo makirfo yakan yi kuwwa in an bar sauti, shi ya sa Kawu yake kashe shi gaba ɗaya sai lokacin waƙa. Ya san wurin kowace waƙa da ka. Rabin farko ya tafi lafiya lau, Kawu yana cikin ganiyarsa, samarin baya ma sun yi shiru. Aka tsaya aka yi la'asar a ƙofar ɗaki, mutumin Ngong da ƙannensa suna tsare mana takalma, aka dawo. Matar ta kwanta, ta yi tari, mijin ya ɗauki laima ya fita. Kawu ya ajiye rimot a kan kujera, ya juya wa allo baya, ya rufe ido.

Allo bai yi shuɗi ba.

Kawu ya fara da muryarsa ta ƙasa-ƙasa, yana cewa mutumin ya dawo da likita sun tarar ɗaki shiru. A bayansa muna gani likita ya shigo ya yi wa matar allura, ta buɗe ido, ta tashi zaune ta sha ruwa. Ɗakin ya yi tsit, amma ba irin tsit ɗin da Kawu ya saba ba. Kawu ya kai wurin da mata suka shigo da ruwan wanka, a bayansa kuwa gari ya waye, matar ta warke sarai, ta ɗaura zane a ƙugu tana zazzaga wa mijin masifa. Wani saurayi a baya ya tuntsire. Wani ya bi shi. Da Kawu ya zo kan ƙasar kabari mai manne wa hannu, matar ta ɗauki ludayi ta bi mijin tana bugu, yana kewaya gado yana kare kai.

Kawu bai buɗe ido ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku ji tsoron Allah, yara. Gawa ce a gabanku."

Nan ɗakin ya fashe. Ba samari kaɗai ba, har 'yan bencin gaba, har waɗanda na sha ganin hawayensu a daidai wannan wuri. Dariya ba ta neman izini, na sani, amma har yau akwai waɗanda ba na iya gaisawa da su da zuciya ɗaya. Wani daga baya ya tsallako ya ɗauki rimot ya buɗe sauti, sai ga muryar mace da Hausar Kano tana cika ɗakin, tana cewa ya fita mata daga gida, malalaci, ya tafi da tsohuwar laimarsa. Kwafi mai fassara ne aka ba ni, abin da mai turawa ya so ya gaya mini ke nan.

Kawu ya buɗe ido ya juya. Ya tsaya yana kallon matar tana jefa wa mijinta laima ta taga. Mutumin Ngong ya miƙe yana ihu da Hausarsa ta kasuwa, "A kashe! A kashe shi mana! Ba ku da kunya?" Ba wanda ya saurare shi. Ni da na kawo abin, ni da ya kamata in tashi in zare kilen, ina zaune kamar an kafe ni da ƙusa. Kawu ya kashe makirfo, ya naɗe wayar makirfon a hankali yadda yake yi kullum in an tashi, ya ajiye. Ya zo ya zauna kusa da ni a bencin gaba, wurin da ban taɓa ganin ya zauna ba, ya ci gaba da kallo har matar ta rufe ƙofa ta zauna ta zuba wa kanta abinci.

"Ashe ta warke," ya ce, ba da ni yake ba. "Alhamdu lillahi."

Ya tashi ya fita. Mutumin Ngong ya bi shi. Ni ban bi shi ba, kuma wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa ko maiɗakina ba. Na gaya wa kaina kunya ce ta hana ni, amma gaskiya so nake in ga yadda abin yake. Na zauna har ƙarshe. Fim ɗin barkwanci ne na miji da mata da suka ɓata suka shirya. Laimar ma karyewa ta yi da aka jefo ta, shi ya sa ba ya buɗe ta, sai a ƙarshe ya kai aka gyara. Ba shi da laifi, ba shi kuma da wani abin a zo a gani. Mutane suka fita suna ta maimaita maganganun ludayi.

Washegari da safe na je gidansa. Na same shi a tsakar gida yana wanke farar rigar da kansa a bokiti. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi yara.

"Kawu, ni na jawo. Ka yafe mini."

"Ka kalla kafin ka kawo?"

"Ban kalla ba."

"To ai shi ke nan. Da ka kalla ka kawo, da sai mu yi magana."

Ya matse rigar ya shanya. Na ce masa zan nemo tsohon faifan a goge shi, ko in sa mai kwamfuta ya yanke wurin ya mai da shuɗin yadda yake, ai abu ne mai sauƙi. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya girma bai yi hankali ba.

"Ka mai da shuɗi a allo, wa zai mai da shi a idonsu? Gani ya kori ji, ɗan nan." Ya zauna a kan turmi. "Uwarka ta gaya maka, ko? Abin da na iya a Indiyanci bai wuce ruwa da uwa da zo da tafi ba. Sauran duk a fuska nake karantawa. Na ɗauka fuska ba ta ƙarya."

Na ce masa nasa ya fi na gaskiyar kyau nesa ba kusa ba, kuma har zuciyata na faɗa. Ya ce ya sani. Ya ce wannan ba ya hana a ce masa maƙaryaci, kuma wanda ya faɗa bai yi masa ƙazafi ba.

Juma'ar da ta biyo bai je ba. Patiron ya sa wani fim mai fassarar Kano, benci suka cika fiye da yadda suke cika wa Kawu a shekarun nan, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Bayan 'yan makonni mutane suka tuna ai suna da irinsa a waya, sai Juma'a ta koma ƙwallo kamar sauran ranaku. Mutumin Ngong ya zo rumfata sau ɗaya, ya zauna ya ƙi shan ruwan da na ba shi. Ya ce shekarar da tasa matar ta rasu, maganganun Kawu ne suka riƙe shi, har ya faɗi wasu a gaban mutane a cocinsu. Ya ce shi bai riƙe Kawu da komai ba, amma yanzu in ya tuna kalmomin sai ludayi ya faɗo masa a rai, ya rasa ta kuka ya rasa ta dariya. Tun ranar in ya sayar da masararsa mota yake shiga ya koma.

Ni ma haka nake. Na sa mai laima a cikin ukun da na fi so bara, amma wanda nake nufi babu shi a ko'ina, ba a faifai ba, ba a waya ba, kuma ko a kaina na nemo shi ba ya zuwa shi kaɗai.

Kawu ya yi wata biyu bai fita ba sai masallaci. Na roƙe shi ya riƙa zuwa rumfata yana zama, ya ce ba ya son warin sabon yadi. 'Yarsa ta aiko a kai mata shi Tinyer, ya ce sanyin can ba na tsoho ba ne. Ana nan wata Asabar da rana na biyo ta layin ɗakin kallo zan je kai saƙo, sai na hango shi a ƙarƙashin dalbejiya a kan ɗan benci, babura jere a gabansa. Shi ya je ya roƙi Patiron ya ba shi gadin baburan masu kallon ƙwallo. Ba yunwa ce ta kai shi ba, nan ne kawai wurin da ƙafarsa ta san hanya.

Ina tsaye a ƙetaren titi wasu samari uku suka faka, suna cire hular kwano. Ɗayansu ya ce da ƙarfi, "Kawu, ya jikin madam? An samu tashi daga kabarin?" Sauran suka kwashe da dariya. Kawu ya miƙe ya kama babur ɗin yana gyara masa tsayuwa, ya yi 'yar dariya shi ma, ya ce, "Da sauƙi, 'ya'yana. Tana gaishe ku."

Suka shige ciki. Da ya ɗago sai ya gan ni, ya ɗaga mini hannu. Na zaro waya daga aljihu na kara a kunne kamar an kira ni, na wuce.